Baƙin Katin Mai Gadi

Duk ranar Litinin, tsakanin takwas da takwas da kwata na safe, wayar Tak Sang-du takan yi ƙara sau ɗaya a aljihun rigarsa ta gadi. Ko me yake yi sai ya ajiye. In kwalaye yake ɗaurewa a wurin ware shara, sai ya zare safar hannu. In wata ce daga bene na tara ta tsare shi da ƙorafin an tare mata wurin ajiye mota, sai ya ce ta yi masa haƙurin minti ɗaya. Saƙon ba ya canzawa: an yi sayayya da katin iyali, won dubu ɗaya da ɗari huɗu, a wani kanti kusa da tashar jiragen ruwa ta Tongyeong. Yakan karanta sau biyu, ya mayar da wayar aljihu, ya koma kan aikinsa. Iyakar labarin 'yarsa Bo-ram da yake samu ke nan, yau shekara uku.

Katin irin na manya ne, wanda ake sayayya da shi a biya banki ƙarshen wata. Baƙi ne wuluk, na ƙarfe, mai nauyi a hannu. Ya karɓe shi lokacin da maɗaba'arsa ke da ma'aikata tara, injuna ba sa hutawa saboda kalanda da fastocin 'yan takara. Mu mutanen birnin Daegu ba mu san a raba kuɗin abinci ba, sai dai a yi ta ture juna a bakin kanta, kowa na rantsuwar shi zai biya. To a wancan zamani Sang-du ba ya shiga kokawar. Katin kawai yake saki a kan tebur, ƙararsa ta raba gardama. Da Bo-ram za ta tafi Seoul karatun jarrabawar shiga aikin gwamnati, ya sa aka yi mata nata a ƙarƙashin nasa. Ita ke kashewa, shi ke biya, kuma duk abin da ta saya saƙo na zuwa wayarsa nan take.

Sau huɗu ta zauna jarrabawar, sau huɗu ba ta ga sunanta ba. A bikin girbi na shekarar da mahaifiyarta ta rasu, bayan an gama rusunawa a gaban teburin tunawa da kakannin da suka rasu, dangi duk suna zaune, ta ce ta haƙura, aikin kafinta take so ta koya. Sang-du mutum ne mai zuciya a kusa, ga shi an faɗa masa a gaban ƙannensa. Ya ce bai kashe dukiyarsa don ya haifi lebura ba, in ta ɗauki guduma kada ta ƙara kiransa uba. Ta ɗauki jakarta kafin a raba abinci. Washegari lambarta ta daina shiga.

Wata biyu shiru, sannan saƙon Litinin na farko ya shigo. Bayan shekara ɗaya kuma maɗaba'ar ta durƙushe, don mutane sun daina rataye kalanda. Ya sallami ma'aikata, ya sayar da injuna da mota, ya koma ɗaki ɗaya. Yanzu shi ke gadin rana a wani rukunin benaye, yara suna ce masa Baba mai gadi, iyayensu kuma ba sa ce masa komai sai in kayansu sun ɓata. Komai ya rabu da shi ban da katin, wanda kuɗin shekararsa won dubu ɗari bakwai ne, kusan sulusin albashinsa na wata. Sau biyu ya biya yana mai gadi. Bana kuwa an rage musu awoyin aiki, mai gidan da yake haya ya ƙara kuɗi, ga takardar banki ta zo tana tuna masa za a cire kuɗin ranar ashirin da biyar ga wata.

Ranar Asabar da rana sai ga Eom Hwa-suk, ƙanwar matarsa, da robar kimchi, wato jiƙaƙƙen kabeji mai yaji, da soyayyun ƙananan kifi. Tun rasuwar yayarta take kawo masa cefane sau biyu a wata, tana haɗa masa da faɗa kyauta. Ta shiga ɗakin gadin ba sallama, ta ture butar shayi don ta ajiye kaya, idonta ya faɗa kan ambulan bankin.

"Yaya, kada ka ce min abin nan yana nan da ransa."

"Ajiye min takardata."

"Ni na sayar maka da shi, ina da haƙƙin ganin gawarsa." Ta riga ta buɗe. Ta zauna a kujerarsa, shi ya tsaya, ta ɗauko tabarau daga jaka.

Hwa-suk ta yi shekara ashirin da biyu tana tsaye a ƙofar manyan kantuna da ɗan teburinta tana yi wa mutane rajistar kati. Takan ce daga takalmin mutum take gane ko shi zai ci katin ko katin ne zai ci shi. Ta yi ritaya, amma bakin bai yi ba.

"Bari in gaya maka masu riƙe irin wannan," in ji ta. "Akwai wanda kamfani ke turawa Osaka da Hanoi sau biyu a wata. Shi ɗakin hutun manya a filin jirgi da tikitin kyauta kaɗai sun mayar masa da kuɗinsa ninki biyu. Shi ke cin banki. Akwai wadda za ta aurar da ɗa a shekarar, firji da gado da otal duk a kan kati ɗaya. Ita ma ta ci riba, in ta tuna ta soke shi bayan biki, kuma ba sa tunawa. 'Yan golf dai a tashi canjaras. Sauran, kuma su suka fi yawa, ƙarar da yake yi a kan tebur suke saye. Kai a da kana cikin waɗannan, amma kana da kuɗin, ban ji tausayinka ba. Yaushe rabonka da shiga jirgi?"

"Da muka je Jeju da yayarki."

"Shekara takwas. Sifili. Masu karɓar makulli su ajiye maka mota a otal?"

"Kin san na sayar da motar."

"Tambaya nake, don ka ji da kunnenka. Sifili. Takardar cin abinci ta mutum biyu fa? Ita kaɗai ta kai dubu ɗari uku. Ko ni ka kai ai da na yafe maka rabi."

"Ba su aiko ba bara."

"Ba za su aiko ba, sai ka kashe miliyan shida a shekara. Yana nan a rubuce da ƙananan baƙaƙe, mu aka koya wa mu sa babban yatsa a kai. Nawa ka kashe?"

Ta juya shafin, ta bi layukan da farce. Sang-du ya juya yana kallon taga, kamar akwai motar da ke jiran a ɗaga mata shinge. Shi kansa bai taɓa fitar da katin ba tun da ya sa rigar gadi, kunya ba za ta bar shi ba. Don haka abin da ke takardar layi iri ɗaya ne daga sama har ƙasa, dubu ɗaya da ɗari huɗu, dubu ɗaya da ɗari huɗu, kowanne da sunan Bo-ram a gefe.

Hwa-suk ta kai ƙarshen shafin. Da ta cire tabarau idonta ya yi ja.

"Shekara uku ina tunanin ko yarinyar nan tana raye. Har wurin mai duba na je, ni da nake zuwa coci. Ashe labarinta na aljihunka."

"Ban san yadda zan faɗa miki ba."

"Da baki ake faɗa, Yaya." Ta share hanci, ta jawo wayarta ta danna. Hannunta ya saba, ko tana kuka sai ta yi lissafi. "Dubu ɗari bakwai a raba sati hamsin da biyu. Kowane saƙo won dubu goma sha uku da ɗoriya kake sayensa."

"Da arha," in ji Sang-du.

Ta dube shi, ba ta yi masa gardama ba.

Sai ya zauna a kan bokitin da yake kifewa in ya yi baƙo, ya faɗi abin da ya daɗe yana cin ransa. Ya ce kuɗin madarar waken suya ne, ya duba a kantin ƙofar rukunin. Yana jin tana cikin wahala, kunya ce ke hana ta sayen abin da ya fi haka. In ya soke katin, ko madarar ba za ta samu ba.

"Kai dai a buga takarda ka iya, ba ka iya karanta ta ba," in ji Hwa-suk. "Wace irin yunwa ce ke kama mutum ranar Litinin kaɗai, da ƙarfe takwas? Na ga takardun waɗanda suka shiga uku, ba haka suke ba. Yau asibiti, gobe shinkafa, jibi a ciri tsabar kuɗi. Yarinyar nan tana da aikinta. Kuma ta fi kowa sanin saƙo na zuwa maka. Ba kai ne kake kiranta tana Seoul ba, kofi bai huce a hannunta ba kana tambayar wa ya ce ta sha na dubu biyar?"

Ya tuna, kuma bai ji daɗin tunawar ba.

"Gaishe ka take yi," in ji ta. "Tongyeong awa biyu ce a bas. Ga sunan kantin, ga rana, ga lokaci. Me ya hana ka zuwa?"

Ya sa hannu yana gyara bajen da ke ƙirjin rigarsa, mai ɗauke da sunan kamfanin gadi. Hwa-suk ta gane. Mutumin da ya kori 'yarsa don za ta riƙe guduma, yau shi ke wanke kwandon ragowar abincin mutane ɗari huɗu. Bo-ram ba ta san maɗaba'a ta rushe ba. Muddin baƙin kati na wucewa a na'ura, a wurinta babanta yana nan yadda ta bar shi, da ma'aikatansa tara.

"To ashe abu biyu kake saye," in ji Hwa-suk a hankali. "Labarinta, da rufin asirinka. Yanzu na fahimci farashin. Amma tunda ni na sayar maka, bari in faɗa maka gaskiyar da ba a barinmu mu faɗa a bakin kanti. Katin nan ba haɗa ku yake yi ba, hutar da ku yake yi. Ita ta gaishe ka ba ta buɗe baki ba, kai ka amsa ba ka sunkuyar da kai ba. Kowa ya kwana da girmansa. Haka za ku yi ta yi har ɗaya ya mutu. Kai, ba ma za ku kai can ba. Dubi bayan katin."

Ya fiddo shi daga walat. Wa'adinsa watan goma na baɗi.

"Nata ma haka. Sabo kuma hannu da hannu ake kai shi, sai mai shi ya sa hannu. Wane adireshi za ka ba su?"

"In na soke, ba ta kira ba fa?"

"To ka rasa ta, ba zan yi maka ƙarya ba. Wataƙila ta ɗauka korar ce ka ƙarasa." Ta miƙe ta ɗauki jakarta. "Ni dai lissafi na iya, na kuma yi maka. Ka sa kifin a firji, kada ka bar shi a nan ya lalace kamar na wancan karon."

Kwana huɗu yana juya maganar. Ranar Alhamis, a awar hutunsa ta rana, ya rufe ƙofar ɗakin gadin ya kira lambar da ke bayan katin. Masu irin wannan kati ba a sa su jira, bugu biyu wata budurwa ta ɗauka da murya mai taushi, tana gode masa da shekara goma sha huɗu na amana. Rabon da wani ya yi masa magana haka har ya manta, sai da ya gyara zama.

"'Yata, tambaya gare ni. In na koma ƙaramin kati, na iyalin zai ci gaba da aiki?"

"A'a, Yallaɓai. Na iyali yana bin babban ne. Sai dai a yi sabo a kai wa mai shi."

"In ta miƙa shi a kanti fa?"

"Na'ura za ta ƙi karɓa."

"Za a gaya mata dalili?"

"A'a, Yallaɓai. Amma kafin ka yanke shawara, ina so in tuna maka alfanun da za ka rasa." Ta shiga jero su, ɗakin hutu a filayen jirgi fiye da dubu, da otal-otal, da filayen golf. Ta ce in ya zauna za a ƙara masa maki na won dubu ɗari. Ba laifinta ba ne, abin da aka rubuta mata take karantawa, kuma tana karantawa da kyau. Shi kuwa yana kallon tukunyar taliyarsa tana hucewa a kan na'urar ɗumama ɗaki.

Tsoro yake ji, tsoro sosai, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka zo kwashe injuna. Kuɗin za su iya fitowa in ya matse, ya san hanyar, ya yi sau biyu. Zai sami Litinin hamsin da biyu tabbatattu. Amma ya tambayi kansa abin da ya sani game da 'yarsa bayan saƙo ɗari da hamsin. Bai san ko ta yi ƙiba ko ta rame ba. Bai san ko ta iya aikin ba, ko tana da wanda ke kula da ita in ta yi zazzaɓi. Sunan kanti kawai ya sani.

"Yallaɓai, kana kan layi?"

"Ina nan. Ki soke."

"Duka biyun?"

"Ai kin ce ba a raba su."

Minti biyu aka gama. Shekara goma sha huɗu, ko takarda ba a nemi ya cike ba.

Juma'a ya yi nadama. Asabar ya ɗauki waya zai kira banki su mayar, ya tuna lambar katin ta riga ta mutu. Lahadi ya je kabarin matarsa ya cire ciyawa, bai iya gaya mata abin da ya yi ba. Hwa-suk ta kira sau biyu bai ɗauka ba, don yana jin in ya ji muryarta zai faɗa mata magana marar daɗi, alhali ba ita ta danna komai ba.

Litinin ranar fitar da robobi da kwalabe ce. Tun bakwai yake cikin manyan buhuna yana ware abin da mutane suka cakuɗa. Ya ɗora wayar a kan bangon wurin sharar inda zai gan ta, ya ƙure mata murya. Takwas ta yi. Yara suka wuce makaranta, wasu suka gaishe shi, ya amsa bai san me ya ce ba. Takwas da biyar. Takwas da kwata ta wuce, abin da bai taɓa faruwa ba, wayar na kwance shiru. Ya ce a ransa shi ke nan, ta miƙa, an ƙi, ta fahimci abin da Hwa-suk ta ce za ta iya fahimta. Ya koma ya sunkuya kan buhun, yana saka kwalabe a wurin robobi.

Takwas da ashirin da biyu wayar ta ɗauki ruri. Baƙuwar lamba ce. Bai tsaya zare safar hannu ba, sai da ya shafa gilashin sau uku da jiƙaƙƙen yatsa kafin ta amsa.

Hayaniyar kanti ya fara ji, da ƙarar ƙofa, da numfashin wani mai haki.

"Wa ke riƙe da wayar nan?" Muryar ta yi kauri fiye da yadda ya santa. "Don Allah, wa ke magana?"

"Ni ne, Bo-ram."

Sai ya ji kamar ta zauna a ƙasa, wani yana tambayarta ko lafiya.

"Sau uku na sa mai kanti ya gwada katin," in ji ta. "Ya ce an rufe shi daga can. Na ce masa babana ba ya makara da biya ko na kwana ɗaya, ba a rufe katinsa sai dai in..." Ba ta ƙarasa ba. "Minti goma ina riƙe da waya na kasa bugawa. Na zaci Inna Hwa-suk ce za ta ɗauka."

Sang-du ya dafa bangon. Shekara uku yana ganin shi ke sauraro. Bai taɓa kawowa a ransa ba cewa duk Litinin akwai wadda ke tsaye a gaban na'ura tana jiran ta ga ko uban da ya kore ta ya kwana lafiya. Wannan bai shiga lissafin Hwa-suk ba, balle nasa.

"Ban mutu ba," in ji shi. Saura magana ɗaya. Ita ce maganar da ya biya dubu ɗari bakwai har sau biyu don kada ya faɗa. "Kuɗin ne ba ni da su. Maɗaba'a ta rufe tun shekara biyu. Gadi nake yi. Yanzu haka shara nake warewa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ba asibiti? Ba komai?"

"Ba komai. Talauci ne kawai."

Ta yi wani sauti da bai gane ko dariya ce ko kuka ba, wataƙila ita ma ba ta gane ba. A bakin ƙofa wata mota ta fara danna masa hon ya zo ya ɗaga shinge. Ya juya mata baya.

"Bo-ram, maganar da na faɗa ranar nan..."

"Tsaya, Baba. Mutane sun yi layi a bayana, madarar na hannuna ban biya ba." Ta ja hanci. "Bari in biya mutumin. Kada ka kashe wayar."

"Kina da kuɗin?"

"Dubu ɗaya da ɗari huɗu ne, Baba. Ina da su. Kada ka kashe."

Bai kashe ba. Ya tsaya cikin buhunan da wayar manne a kunne, yana jin tana zuba tsaba a kan kantar tana ƙirgawa.